Ranar da Jagora Ya Taɓa Hularsa

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, duk da Allah ya sani na yi bakin ƙoƙarina in manta. Shekaru sun ja, gwiwoyina sun fara ƙara in zan tashi daga kan sallaya, sunayen waɗanda muka yi majalisa tare ma sai na daɗe ina lalube kafin in kamo rabinsu. Amma Talatar nan tana nan daram. Har hular da ta jawo mini abin ina iya kwatanta maka: kube ce mai ruwan ƙasa, da ɗan farin zare a bakinta. Kuma ba ma tawa ba ce.

Lokacin da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ni hedimasta ne a wata firamare cikin birnin Katsina, ina lissafin 'yan shekarun da suka rage mini in yi ritaya in huta. Siyasa ba ta gabana. To amma an buga gangar zaɓe da gaggawa, manyan 'yan boko kuma duk sun noƙe, don an sha yi musu irin wannan alkawari ana fasawa. Sai dattawan unguwa suka zauna suka duba hagu da dama, suka ce ai ga hedimasta nan, yana jin Turanci, kuma bai taɓa musu da kowa ba. (Sai daga baya na gane cewa na biyun nan shi ne ainihin cancantata.) Na ce a ba ni kwana uku in yi shawara. Kafin kwana ukun su cika na ga hotona manne a jikin katangar makarantarmu.

Wanda ya fi kowa wahala a kaina shi ne Baba Ilu. Abokin mahaifina ne, kuma shi ne babba a cikin masu wankin hula da ke bakin titi daf da Ƙofar Marusa. Wanda ya san wurin a wancan zamani zai tuna da su: bahon ruwa, buroshi, sabulu, dutsen guga na gawayi, da jerin itatuwan nan masu siffar kai da suke kifa hula a kansu ta bushe a rana, sahu-sahu har kusan bakin kwalta. Duk mai sa hula a wannan yanki, daga alƙali har mai shayi, sai ya bi ta wurinsu. Ni ban buɗe ofishin kamfe ba, ban ma san ana buɗewa ba. Baba Ilu ne ofishina. Duk wanda ya zo karɓar hula sai ya tafi da hularsa da kuma sunana a kunne. Ranar da aka ce na ci kujerar majalisar jiha, kowa ya koma kirana Onarabul, har matata in tana son tsokana. Shi kaɗai ya ci gaba da ce mini Hedimasta, ni kuma ina jin daɗin haka fiye da yadda nake nunawa.

Na shiga majalisa da niyya mai kyau, wannan kam ko maƙiyina zai shaida. A watan farko na rubuta jawabi shafi huɗu a kan ajujuwan da ke yoyo. Da aka ba ni dama na miƙe, sai na fara da gaisuwa irin ta gida: na gai da Kakakin majalisa, na gai da mataimakinsa, na bi shugabanni ɗaya bayan ɗaya, na tambayi lafiyar iyali, na yi wa waɗanda suka rigaye mu addu'a. Ban kai ga kwanon aji ko ɗaya ba na ji an buga guduma, wai lokacina ya ƙare. Aka yi dariya har da masu dukan tebur. Na zauna ina naɗe takarduna kamar ɗalibin da aka kora daga jarrabawa.

Da yamma shugaban masu rinjaye, wanda duk muke kira Jagora, ya aika a kira ni ofishinsa. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai babban kai, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana.

Ya ce, "Malam, majalisa ba aji ba ce. Kowa da aikinshi a nan. Akwai masu kawo ƙuduri, akwai masu surutu, akwai mai goyon baya. Ka san ƙuduri in ba wanda ya goya mashi baya, nan take ya mutu, ko muhawara ba a yi. To kai zan ba wannan aiki. Kujerarka na bayana. In ka ga na kai hannun dama na taɓa hulata, ka tashi ka ce ka goyi baya, ka zauna. In ban taɓa ba, ko sama za ta faɗo kada ka motsa."

Na tambaye shi, to in ban yarda da ƙudurin ba fa? Ya dube ni da tausayi, ya ce in sha lemona kada ya huce.

Haka na yi shekara biyu. Ba na kallon Kakaki, ba na kallon mai magana, ƙeyar Jagora kawai nake kallo. Na san ƙeyar nan fiye da fuskar wasu 'ya'yana. Hannu ya tashi, in tashi. Hannu ya sauka, in zauna. Tun ina karanta takardar jerin ayyukan ranar, har na koma ina fifita da ita. Abokan aiki suka laƙaba mini Onarabul Na-Goya, ina ji ina dariyar yaƙe. Abin da ban lura ba shi ne, duk majalisar ta gano sirrin: in Na-Goya ya miƙe, to Jagora na so, in Jagora na so kuwa, to daga sama ne. Na zama kamar fitilar kan titi, ba ni da ra'ayi amma da ni ake sanin a wuce ko a tsaya. Kuma in faɗi gaskiya, aikin ya yi mini daɗi. Babu tunani, babu faɗa da kowa, ga mota ga direba.

Ana nan sai wata Asabar na kai huluna wanki, na tarar da Baba Ilu ba walwala. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gajiya da jikin tsufa, ya ajiye buroshi ya share hannu a rigarsa.

"Hedimasta, wai an ce akwai wani Injiniya cikinku da zai kai magana a tashe mu daga nan. Wai muna ɓata ma gari fuska. Halan gaskiya ne?"

Gaskiya ne. Injiniya ɗan majalisa ne daga wata ƙaramar hukuma, ya taɓa zama a ƙasar waje na ɗan lokaci, tun da ya dawo kuma komai na garin nan ƙazanta ne a idonsa. Ya shirya ƙudurin a kwashe duk masu sana'a a bakin manyan titunan birni a kai su bayan gari.

Baba Ilu ya ce, "Mu sana'armu ta kan hanya ce. Mutum zai tahi aiki ya aje hula, ya dawo ya ɗauka. Wa zai hau mota ya bi mu daji don hula guda? In an tashe mu, an kashe mu ke nan. Mu dai kai muka sani."

Ran Litinin da sassafe na sami Jagora. Karo na farko ke nan da na roƙe shi wani abu. Ya saurare ni, ya ce in kwantar da hankalina, shi ma can yake kai hulunansa. Ya riga ya gaya wa kowa a yi shiru. Injiniya zai karanta abinsa gobe, ba wanda zai goya masa baya, ƙudurin ya mutu a wurin, shi ke nan.

Da ina da hankali, da na yi godiya na koma gida na rufe bakina. Amma shekara biyu mutanen unguwa na tambayata me nake yi a majalisa, ina ce musu aiki na cikin kwamiti. Yau ga dama ta samu. Na zarce Ƙofar Marusa na tara masu wankin hula, na ce gobe kowa ya rufe baho ya sa rigarsa ta Juma'a, zan aiko da mota, su zo su gani da idonsu yadda ake kashe ƙuduri. Har da bugun ƙirji. (Ka lura, gudummawar da zan bayar wajen kashe shi ita ce in zauna kawai. Wannan ne aikin da na gayyato mutane su rufe sana'arsu su zo kallo, kuma shi ne na kasa.)

Talata ta yi. Na sa babbar rigata mai aska, na shiga zauren da wuri. Na ɗaga kai na hango su a benen 'yan kallo, sun cika layi biyu, Baba Ilu a gaba da farar riga da wata jakar leda a cinyarsa. Na duba takardar ranar, abin da na daɗe ban yi ba, na ga ƙudurin Injiniya shi ne na bakwai. Na zana masa layi da biro. Na ce to, kafin a kai na bakwai akwai sauran lokaci.

Aka fara da rahoton wani kwamiti a kan magudanan ruwa. Mai karantawa yana da murya irin ta injin niƙa daga nesa. Fankokin zauren suna juya zafi, rabin 'yan majalisa sun lumshe ido. Ni kuwa hankalina ya tafi bene. Ina ta tsara abin da zan ce musu in mun fito, yadda zan ɗaga hannu in ce ai wannan ƙaramin aiki ne, yadda labarin zai zaga unguwa kafin magariba. Har na fara tunanin zaɓe mai zuwa. A cikin wannan mafarki nawa, ashe Injiniya ya aika wa Kakaki 'yar takarda cewa yana da tafiya, a taimaka a jawo nasa gaba. Aka jawo. Ya miƙe ya karanta da dogon Turancinsa, wanda ya fara da ƙawata birni da martabar jiha. Na ji kamar ana magana, amma a lissafina muna kan na uku, wanda na tuna na yaba wa gwamnati ne a kan wani abu.

Zauren ya yi tsit. Kakaki ya tambaya ko akwai mai goyon baya. Sai na ga hannun daman Jagora ya tashi a hankali, ya kai ga kuben nan mai ruwan ƙasa, ya ɗan ɗaga ta, ya mayar.

Wallahi ban yanke shawarar tashi ba. Gwiwoyina ne suka yi aikinsu. Kafin in san inda nake ina tsaye, na ce na goyi baya. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Amma na tuna ina da baƙi, kuma ba su jin Turanci, kuma ba su taɓa jin muryata a zauren nan ba. Sai na nemi izinin Kakaki in ƙara da Hausa. Na gyara hannun riga na ce wannan ƙuduri ya zo a kan kari, an ma makara. Na ce jama'ata sun daɗe suna roƙona a kan wannan magana, ba dare ba rana. Na juya na nuna bene da hannu na ce ga su can, sun rufe sana'arsu sun zo da ƙafarsu don su shaida.

Mutanena suka ɓarke da tafi. Sai da dogarin majalisa ya tsawatar musu. Na hango Baba Ilu yana gyaɗa kai yana murmushi, ya ɗago mini hannu, ni ma na ɗaga masa. Na zauna ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Abin da na fara lura da shi, Jagora ya juyo gaba ɗaya yana kallona. Shekara biyu ban taɓa ganin fuskarsa a zauren nan ba sai ranar. Na biyu, Injiniya ya sake miƙewa, fuskarsa fal mamaki da farin ciki, ya ce tunda ɗan'uwansa ya yi Hausa shi ma bari ya yi. Ya ce bai taɓa ganin kishin gari irin wannan ba. Ga mutumin da masu wankin hular Ƙofar Marusa ke cikin mazaɓarsa, su za a fara kwashewa, amma ya fifita ci gaban birni, har ya shawo kansu suka zo da kansu suna tafa wa tashinsu. Ya ce a rubuta sunana da manyan baƙaƙe.

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Kunnuwana suka ɗauki zafi, rigar nan mai aska ta yi mini nauyi kamar an jiƙa ta. Na sunkuya na raɗa wa Jagora, "Ranka ya daɗe, ai ka taɓa hula."

Ya ce, ta gefen baki, "Matse ni ta yi, Malam. Tun safe take cin goshina."

Na ce to in tashi in janye. Ya ce akawu ya riga ya rubuta, kuma in na sake buɗe baki yau sai ya sa an fitar da ni. Shi kansa ba abin da zai iya, don sauran 'yan majalisa da aka ce su yi shiru sun ga Na-Goya ya miƙe, sun ɗauka umarni ya canza daga sama. Nan take masu gyangyaɗi suka farka, kowa na neman a ji shi yana son tsabta. Jagora kuwa ba zai tashi ya ce wa duniya hularsa ce ke tafiyar da majalisa ba. Aka yi ƙuri'ar murya, masu cewa e suka girgiza zauren. Guduma ta sauka. Ban sake ɗaga kai bene ba.

Na daɗe a ban ɗaki ina fatan su gaji su tafi. Da na fito, motar ta kwashe sauran, amma Baba Ilu na tsaye a inuwar wata bishiya bakin ƙofa, da ledarsa a hannu. Ya miƙo mini.

"Onarabul, ga hulunanka. Na ce in taho maka da su, in hutar da kai."

Onarabul. A bakinsa kalmar ta fi zagi ciwo. Ya tsaya yana jira in ce wani abu, kuma a nan ne na yi abin da ya fi na cikin zauren muni. Gaskiyar magana gajeriya ce: Baba, ban san abin da ake magana a kai ba, hular wani nake bi. Amma na auna, na ga in na faɗi haka na zama abin dariya daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Ƙaura. Na ga gara a ce mini maci amana da a ce mini wawa, don maci amana ko ba komai ana ɗauka yana da dabara. Sai na gyara murya na ce, "Baba, harkar siyasa ce, tana da zurfi. Ba za ka gane ba."

Ya dube ni ɗan lokaci. Ya ce, "Haka ne. Allah shi ba da sa'a." Ya juya ya tafi a ƙasa, ya ƙi shiga motata.

Sauran labarin tafiyar siyasata ba shi da tsawo, kuma duk daga wannan rana ya tsiro. Da zaɓen fid da gwani ya zo, unguwa ta juya mini baya, na sha ƙasa warwas. Ba ofishin kamfe kuma, don duk wanda ya je karɓar hula yanzu da wani labarin yake tafiya. Na koma gida na fara neman inda na ajiye takardun fanshona. Sai ga kira daga gidan gwamnati. Ashe a can an ba da labarina a matsayin mutumin da ya sadaukar da kujerarsa don manufar gwamnati, irin wanda ba a bari ya tafi hannu rabbana. Aka naɗa ni kwamishina. Da aka zo rabon ma'aikatu, wani mai hikima ya ce ai ga wanda ya fi kowa kishin tsabtar birni. Aka ba ni ma'aikatar da za ta aiwatar da ƙudurin.

A makon farko babban sakatare ya shigo da wani koren fayil ya ajiye a gabana da ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan naka ne tun asali, sa hannunka kawai yake jira." Na buɗe na ga jawabina a ciki, an fassara shi zuwa Turanci, har da wurin da aka rubuta cewa 'yan kallo sun yi tafi. Na ce zan yi nazari. Na sa shi a aljihun tebur na can ƙasa, na ɗora sallayata a kai. Duk bayan 'yan watanni ya tambaya, in ce ina kan nazari. Na buɗe taruka, na yanke zare a bakin rijiyoyi, na karanta jawaban da ban rubuta ba, na yi tafiye-tafiyen da ban tuna dalilinsu ba. In ka tambaye ni aikin da na yi a kujerar kwamishina wanda nake alfahari da shi, shi ne wannan fayil da na ƙi taɓawa. Su masu wankin hula ba su san ina yi ba. Ni kuma na sa direba ya riƙa zagayawa ta wata hanya don kada mu bi ta gabansu, huluna kuwa wani wuri can wajen Ƙofar Ƙaura nake aikawa.

Ranar da aka rushe majalisar kwamishinoni, a rediyo na ji kamar kowa. Wanda ya gaje ni matashi ne mai zafin nama. Ya buɗe aljihun tebur ya ga fayil, ya sa hannu a makonsa na farko. Aka kwashe su aka kai wani fili bayan gari. Kamar yadda Baba Ilu ya faɗa, ba wanda ya bi su. Wasu suka koma acaba, wasu suka koma ƙauye, shi kuma ya kwashe itatuwansa ya koma zauren gidansa a wani lungu wajen Ƙofar 'Yandaka, yana wanke wa tsofaffin abokan hulɗa da suka san hanya.

Na ɗauki shekaru kafin in je. Sai da mota ta tafi, direba ya tafi, masu zuwa gaisuwar safe suka ɗauke ƙafa, aka bar ni da hawan jini da sunan tsohon kwamishina. Wata rana bayan la'asar na hau mashin ɗin haya na sauka bakin lungun. Na same shi a kan ɗan benci, ya rame, idonsa ya yi hazo, yana goge wata damanga a hankali. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin wadda mutane ke yi in suna tsoron abin da zai biyo bayanta. Da gaisuwa ta ƙare ban da sauran wurin ɓuya, sai na faɗa masa duka: ƙeyar Jagora, hannun dama, na bakwai da ya koma na uku, da ƙaryar da na yi masa a bakin ƙofa.

Bai daina gugar damangar ba har na gama. Can ya ce, "Wace hula ce ya sa ran nan?"

Na ce kube ce mai ruwan ƙasa, da farin zare a baki.

Ya ajiye buroshi. "Ni na wanke ta. Mutumin nan kanshi babba ne, itace guda gare ni da ke ɗaukar hularshi. Ran Litinin ɗin nan da ka zo ka ce mu rufe gobe, sai muka hau sauri mu gama aikin mutane. Itacen na ɗauke da wata hular, sai na kifa tashi bisa ƙarami. Na ce kwana guda ba ya yin komai."

Ni dai har na fara jin wani sanyi-sanyi a raina, ina cewa ashe laifin ba nawa ne ni kaɗai ba. Ina jin ya gani a fuskata, don bai bar ni na ji daɗin abin ba.

"Ni dai na matse hula, na yarda. Kai mi ya matse ka?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Da ka hwaɗa mani tun ran nan, da na yi dariya har in hwaɗi, in gaya ma mutane ɗanmu sakarai ne amma namu ne. Wurin nan ko ba kai ba wata rana sai an tashe mu, mun sani. Abin da ya tsaya mani a rai, ka dube ni ka ce ba ni ganewa. Ni da na goya ka."

Na ce ya yafe mini. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙo hannu ya cire hular da ke kaina, ya kai ta kusa da ido ya jujjuya, ya ja tsaki.

"Wa ke wanke maka wanga abu, Hedimasta? Ya kashe ta da sitaci. Zauna nan."

Ya tsoma ta a baho. Haka na zauna a bakin lungu, tsohon ɗan majalisa, tsohon kwamishina, da sanƙona a waje, masu wucewa na gaishe ni suna kawar da kai don kunya. Ban damu ba. Hedimastan nan da ya ce ya ishe ni.

Abin da na koya a siyasa ba shi da yawa, don ban daɗe ina sauraro ba. In ka ga babba ya kai hannu kansa, ka dakata tukuna, wataƙila ƙaiƙayi yake ji. In kuma ka riga ka yi wautar, ka kira ta da sunanta tun a ranar, don wawa ana yi masa dariya a wuce wurin, mai wayon ƙarya kuwa shekaru yake yi yana zagaye hanya. Har yau in ina zaune a taron ɗaurin aure wani a gabana ya gyara hularsa, sai in ji gwiwoyina sun motsa. Dafe su nake yi da hannu biyu, in juya in tambayi na kusa da ni me ake ciki.